Jinjina ga Jami'o'in Amurka, Masu Tsare Yara Daga Sharrin Kuɗi

A faɗi alheri in an gan shi. Duniya cike take da jami'o'in da ba su iya komai ba sai karatu: a shiga aji, a rubuta jarrabawa, a karɓi takarda, kowa ya kama gabansa. Amurka ce ta fara gane cewa wannan asarar fili ce. Wanda ke musu ya je garin Ann Arbor ranar wata Asabar cikin kaka. Filin wasan Jami'ar Michigan yana cin mutum sama da 107,000, kuma cika yake yi ya batse, duk an zo kallon samari 'yan shekara 18 zuwa 22 sanye da hular kwano suna gwabza karo da juna a wasan zari-ruga irin na Amurka. Wasu miliyoyin suna gida sun ƙura wa talabijin ido. Babu malamin lissafi ko na kimiyya da ya taɓa tara ko rubu'in wannan taro, don haka kowa ya san wa ke riƙe da gidan.

Kuɗin da ke shigowa kuwa sai dai a ce sambarka. Tun da Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a 1984 cewa jami'o'i na da ikon sayar wa gidajen talabijin wasanninsu da kansu, ƙofa ta buɗe ba ta sake rufuwa ba. A 2022 rukunin jami'o'in da ake kira Big Ten ya ƙulla yarjejeniyar shekara bakwai da Fox da CBS da NBC a kan sama da dala biliyan 7. ESPN kuma ta amince da biyan dala biliyan 7.8 na shekara shida don nuna wasannin fitar da gwani na ƙarshen kaka kawai. Duk wannan a ƙarƙashin inuwar makarantun da doka ta yafe wa haraji, saboda ilimi suke bayarwa, ba kasuwanci suke yi ba.

Amma ba yawan kuɗin ne abin yabo ba. Kowane ɗan kasuwa yana iya tara kuɗi. Abin da ya kai a cire hula shi ne yadda aka shafe fiye da shekara ɗari ana tsare yaran da ke buga wasan daga taɓa kuɗin. Kuɗi fitina ne, kowa ya sani, balle a hannun yaro. Hukumar wasannin jami'o'i, NCAA, wadda aka kafa a 1906 bayan mace-macen 'yan wasa sun tayar wa Shugaba Theodore Roosevelt da hankali, ita ta ɗauki wannan nauyi na tarbiyya, kuma ba ta yi sakaci ba.

Gwarzon wannan aiki shi ne Walter Byers, wanda ya karɓi ragamar hukumar a 1951 ya riƙe ta shekara talatin da 'yan kai. A zamaninsa wata barazana ta kunno kai: kotuna sun fara tunanin ko ɗan wasan da ya ji rauni ma'aikacin jami'a ne, ya cancanci diyya kamar leburan da inji ya yanke wa hannu. Byers da lauyoyinsa suka toshe ɓarakar da dabara mai sauƙi: a kowace takarda, a kowane jawabi, a nanata cewa wannan yaro ɗalibi ne mai ɗan taɓa wasa, ba ma'aikaci ba. An ga amfanin wannan tunani da wuri. A 1955 wani ɗan wasan kwalejin Fort Lewis a jihar Kolorado, Ray Dennison, ya samu rauni a ka yana cikin wasa, ya rasu, ya bar mata da 'ya'ya. Matar ta nemi diyyar ma'aikaci. Kotun ƙolin jihar ta hana ta, bisa hujjar cewa kwalejin ba sana'ar ƙwallo take yi ba. Dubi irin rufin asirin da aka yi wa mamacin. Da an biya, da an zubar masa da mutunci an mai da shi ɗan ƙwadago, alhali a matsayin ɗalibi ya cika. Abin takaici ɗaya, shi Byers da tsufa ya kama shi sai ya rubuta littafi a 1995 yana tsine wa ginin da ya gina, har yana cewa tsarin yana warin tunanin masu gandun bayi. A yi masa uzuri, tsufa ba ya barin mutum yadda ya same shi.

Tarbiyyar ba ta raina ƙaramin abu. A 2013 Jami'ar Oklahoma ta kai ƙarar kanta gaban hukuma saboda wasu 'yan wasanta uku sun ci taliya fiye da ƙima a wata liyafa. Aka sa kowannensu ya ba da sadakar dala 3.83 don ya wanke kansa. Ita NCAA daga baya ta ce ba ta da doka kan girman loma, to amma wannan ai shi ne cikar tarbiyya: a kai matsayin da yaro zai hukunta kansa tun ba a ce ya yi laifi ba. A ƙarshen 2010 an kama 'yan wasan Jami'ar Ohio State biyar, ciki har da tauraronsu Terrelle Pryor, da mugun laifin sayar da zobba da riguna da kyaututtukan da suka ci da guminsu, wasu ma sun yi musayarsu da zanen jiki. Aka dakatar da su wasa biyar. Sai dai hukuma mai tausayi ce: ta jinkirta hukuncin zuwa kaka mai zuwa, don su samu buga babban wasan Sugar Bowl da aka riga aka sayar da tikitinsa da tallansa. Adalci na iya jira, mai talla ba ya jira. Reggie Bush na Jami'ar Kudancin Kalifoniya kuwa, wanda ya ci kyautar Heisman ta gwarzon shekara a 2005, sai da ya mayar da ita a 2010 saboda iyalinsa sun karɓi ihsani daga wasu dillalan 'yan wasa. Shekara 14 ya yi babu ita kafin a mayar masa.

To tunda an hana yaran, dole wani ya sadaukar da kai ya ɗauki kuɗin, don ba a zubar da su a kwata. Nan kociyoyi suka nuna jarunta. Kirby Smart na Jami'ar Jojiya ya yarda a 2024 a ɗora masa dala miliyan 13 duk shekara har shekara goma, ninki talatin da wani abu na albashin shugaban ƙasar Amurka, wanda ke karɓar dala 400,000. A galibin jihohin ƙasar, ma'aikacin gwamnati mafi tsoka a albashi ba gwamna ba ne, ba babban likita ba ne, kocin jami'a ne. Dabo Swinney na Clemson, mutum mai kishin ɗa'a, ya taɓa cewa ranar da aka fara biyan 'yan wasa zai bar aikin ya nemi wata sana'a, don duniya ta riga ta cika da masu jin an ci musu bashi. A 2022 ya sa hannu a kwantiragin dala miliyan 115. An fara biyan 'yan wasan, shi kuma ya danne zuciyarsa ya zauna. Wannan haƙuri ba kowa ba.

Masu hassada za su ce kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Su dai faɗa. Ba su san wahalar gardi ba, musamman ranar da aka sallame shi. A ƙarshen 2017 Jami'ar Texas A&M ta ɗauko Jimbo Fisher a kan dala miliyan 75 na shekara goma. Don tsabar yaƙini, shugaban jami'ar ya miƙa masa allon shaidar cin kofin ƙasa tun kafin ya buga wasa ko ɗaya, aka bar gurbin shekara fayau, a cike in lokaci ya yi. A 2021 aka ƙara masa wa'adi da albashi. Kofi bai zo ba. A Nuwambar 2023, washegarin wasan da ƙungiyarsa ta ci 51 da 10, aka kore shi, da kuɗin sallama sama da dala miliyan 75: sama da miliyan 19 cikin kwana 60, sannan miliyan 7 da ɗoriya duk shekara har 2031, ko ya samu wani aiki ko ya kwanta a gida. Ina ma'aikatun duniya za su koyi wannan mutunta ɗan Adam. A ko'ina in ka kasa aiki kunya ce rabonka. A nan kasawa ita ce fansho.

Bayan kociyoyi sun yi iya ƙoƙarinsu, kuɗi kan rage, kuma makarantar da ba don riba aka kafa ta ba bai kamata a gan ta da rara ba. Sai a yi gini. A 2017 Clemson ta buɗe wa ƙungiyarta gida na dala miliyan 55, da shagon aski, da ɗakin barcin rana, da ƙaramin filin golf, da sulalliya irin ta wasan yara da ake zamewa daga bene zuwa ƙasa. Ka ga hikima: yaron da ba a ba shi ko sisi ya aika wa uwarsa kuɗin haya ba, an ba shi inda zai zame ya manta. A 2019 Jami'ar Jihar Luwiziyana, LSU, ta kashe dala miliyan 28 wajen gyara sashen 'yan ƙwallonta, kowane ɗan wasa da kujerar da ke miƙewa ta zama gado a ɗakin canza kaya. A daidai lokacin ruwa na kwanciya a ƙasan babban laburaren jami'ar. Wasu malamai marasa godiya suka yi ta ƙorafi. Aka ba su amsa mai gamsarwa cewa kuɗin na attajirai ne masu kyauta, ba na gwamnati ba, kuma mai kyauta shi ke zaɓar inda zai kai. Gaskiya ne. Shekaru ɗari na ilimantar da jama'ar jiha sun haifar da attajiran da suka san bambancin abu mai muhimmanci da tarin littattafai.

Kada mai karatu ya ɗauka duk jami'o'in riba suke ci. Nan ma akwai abin koyi. Alƙaluman NCAA na 2019 sun nuna cewa cikin jami'o'i 130 da ke babban mataki, 25 ne kawai sashen wasanninsu ya samar da abin da ya fi wanda ya kashe. Sauran ɗari da biyar ɗin sadaka suke yi, kuma ba su kasance masu rowar lada ba, sun raba shi ga kowa. A Jami'ar James Madison ta jihar Bajiniya, kowane ɗalibi yana biyan sama da dala 2,000 a shekara don wasanni, cikin kuɗin makaranta, ko yana kallo ko ba ya kallo. Yarinyar da ke karatun jinya da rana tana wanke kwanuka a gidan abinci da dare, wadda ta ci bashin karatu da za ta yi shekaru tana biya, ita ma tana da hannu a albashin mataimakin koci. Wace makaranta ce ke koyar da zumunci a aikace haka?

Ƙananan jami'o'i kuma an buɗe musu wata hanyar neman halal: su sayar da kansu a doke su. Babbar ƙungiya tana son wasa mai sauƙi a gida don ta cika fili ta ƙara maki, sai ta yi hayar abokin karawa. A 2012 Savannah State, ɗaya daga cikin tsofaffin jami'o'in baƙaƙen fata, ta je Oklahoma State ta karɓi 84 da nema, ta karɓi dala 385,000. Mako na zagayowa ta je Florida State, aka kai 55 da nema kafin hadari ya tausaya ya tsayar da wasan, aka ba ta dala 475,000. Kuɗin ya shiga asusun makaranta, ciwon jiki kuma yaran suka tafi da shi gida, kowa da rabonsa.

An ce ai ana biyan yaran da ilimi, kyauta. Haka ne, kuma ilimi mai sauƙin haɗiya. Dokar hukuma ta ce kada wasa ya ci wa ɗalibi fiye da awa 20 a mako. Binciken hukumar da kanta ya sha nuna cewa 'yan ƙwallon babban mataki suna ba shi awa 40 ko fiye. Jami'ar North Carolina ta duba wannan matsi ta samo mafita. Daga 1993 zuwa 2011 ta gudanar da darussan da babu shiga aji, babu malami, sai takarda ɗaya a ƙarshen zango wadda wata ma'aikaciyar ofis ke ba maki mai kyau. Binciken da Kenneth Wainstein ya fitar a 2014 ya ƙirga ɗalibai kimanin 3,100 da suka amfana, kusan rabinsu 'yan wasa. Hukuncin NCAA na 2017 ya kamata a rubuta shi da ruwan zinare: ba ta hukunta jami'ar ba, saboda darussan bogin ba 'yan wasa kaɗai aka buɗe wa ba, har sauran ɗalibai sun samu. Wato in za ka yi cuta, ka yi ta da adalci. Hukumar da taliyar dala 3.83 ta sa jami'a rawar jiki, ta duba shekara 18 na digiri marar karatu ta ce ba huruminta ba ne.

Ilimin sanin ƙasa ma bai tsira daga gyara ba. Rukunin Big Ten yanzu jami'a 18 ne. Stanford da Berkeley, da ke bakin tekun Pasifik, suna gasar gaɓar Atilantika, bayan rukuninsu mai tarihin fiye da shekara ɗari ya watse cikin 'yan watanni saboda kuɗin talabijin. Ɗalibi daga Los Angeles kan yi tafiyar kusan kilomita 4,000 zuwa New Jersey ya buga wasa ya koma ya tarar da jarrabawa. Har 'yan ƙwallon raga da ba su san hawa ba su san sauka ba, su ma an ja su.

Kuma duk da haka layi ba ya yankewa, domin babbar gasar ƙwararru ta NFL ba ta ɗaukar yaro sai ya yi shekara uku da gama sakandare. Ƙofa ɗaya ce, jami'a ke gadinta. NFL ta samu gonar renon 'yan wasa ba ta kashe ko kwabo ba, jami'a ta samu ma'aikatan da ba ma'aikata ba. Waɗanda ke kaiwa ga NFL ɗin ba su cika biyu cikin ɗari ba. Sauran sun samu tarbiyya.

Wasu ba su kai ga samun ta ba. Jordan McNair yana da shekara 19 lokacin da zafi ya buge shi a wajen atisayen Jami'ar Maryland ranar 29 ga Mayun 2018. Ba a tsoma shi a ruwan ƙanƙara ba, wanda shi ne maganin da kowane mai kula da 'yan wasa ya sani, kuma an ɗauki lokaci mai tsawo kafin a kira motar asibiti. Ya rasu bayan mako biyu. Hukumar gudanarwar jami'ar ta zauna ta yi nazari ta mayar da kocin, DJ Durkin, bakin aiki. Da jama'a suka yi ca, aka kore shi washegari, aka biya shi ragowar kwantiraginsa, kimanin dala miliyan 5. Iyayen yaron sun samu miliyan 3.5 a 2021. Lissafin a fili yake, ba a ɓoye wa kowa farashin kowa ba.

Wanda ke ganin za a iya rayuwa ba wannan harka, ya dubi abin da ya sami Jami'ar Shikago. Tana cikin waɗanda suka kafa Big Ten, ɗan wasanta ne ya fara cin kyautar Heisman a 1935. A 1939 shugabanta Robert Hutchins ya soke ƙwallon, wai tana hana karatu. Filin ya zama kufai, har ta kai a Disambar 1942 Enrico Fermi da abokansa suka shiga ƙarƙashin kujerun 'yan kallo suka harhaɗa tukunyar nukiliya ta farko a duniya. Tun daga nan jami'ar ba ta sake jin ƙamshin babban kofi ba, sai tarin lambobin Nobel da ba mai sayen tikiti ya kalla.

Abin baƙin ciki, alƙalai sun shigo sun dagula lissafi. A Yunin 2021 alƙalan Kotun Ƙoli tara, waɗanda ba su cika haɗuwa a kan komai ba, suka haɗu a kan NCAA, har Mai Shari'a Brett Kavanaugh ya rubuta cewa irin wannan tsari haramtacce ne ƙarara a kusan kowace sana'a a Amurka. Daga 1 ga Yulin shekarar aka bar 'yan wasa su karɓi kuɗin talla da sunansu da hotonsu. Attajiran da a da suke miƙa ambulan a ɓoye suka kafa ƙungiyoyi suna yi a fili. An ce ƙungiyar Ohio State da ta ci kofin kakar 2024 ta laƙume kusan dala miliyan 20. A Yunin 2025 Mai Shari'a Claudia Wilken ta amince da sulhun da ya tilasta biyan tsofaffin 'yan wasa dala biliyan 2.8 cikin shekara goma, ya kuma ba kowace jami'a damar raba wa 'yan wasanta har dala miliyan 20.5 a shekarar farko.

Da wani tsarin ne da ya durƙushe. Wannan ko gezau. An sa wa rabon yaran iyaka, ɗaruruwansu a duk wasannin jami'a su raba miliyan 20.5, amma ba wanda ya yi rashin kunyar sa wa albashin koci iyaka.  Jami'ar Tennessee ta ƙara kashi 10 cikin ɗari a kuɗin tikiti ta ce na biyan 'yan wasa ne, don ɗan kallo ya san wa zai zaga. Clemson, mai sulalliya, ta ɗora wa kowane ɗalibi dala 150 a zango. Shugaban NCAA na yanzu, Charlie Baker, tsohon gwamnan Massachusetts, yana ta safa da marwa a majalisar dokoki yana roƙon a kafa doka cewa yaran, duk da ana biyansu, ba ma'aikata ba ne: babu ƙungiyar ƙwadago, babu diyyar rauni irin ta ma'aikaci. Amanar Byers tana hannu nagari.

Kuma ga shi abin da dattawa suka ji tsoro ya fara faruwa, kuɗi sun ɓata yara. A Satumbar 2024 Matthew Sluka, jagoran 'yan wasan Jami'ar Nevada da ke Las Vegas, ya ajiye kaya bayan wasa uku da suka ci duka, yana cewa an yi masa alƙawarin dala 100,000 ba a cika ba. Aka yi masa caa, yaro marar amana, ya bar 'yan'uwansa a tsakiyar kaka. Da ya yi koyi da manya mana. A ƙarshen Nuwambar 2021 Brian Kelly yana kocin Notre Dame, ƙungiyarsa ta ci wasa 11 cikin 12 tana jiran jin ko za ta shiga wasannin fitar da gwani, sai LSU ta yi masa tayin dala miliyan 95. Yaransa a kafafen labarai suka fara ji, saƙonsa ya biyo baya cikin dare, da safe ya tsaya gabansu na 'yan mintuna ya hau jirgi. Wannan ba rashin amana ba ne, ci gaba ne. A Oktoban 2025 LSU ta sallame shi, kwantiraginsa ya tanadar masa kusan dala miliyan 54 na zaman gida. Wasan da ya jawo korar, Texas A&M ce ta doke shi 49 da 25, ita da har yanzu take aika wa Jimbo Fisher miliyan bakwai-bakwai ɗinsa duk shekara.